Wace kalma za mu ba aikin da ya kwana a tebur?

'Yan uwa masu fassara da masu aikin rediyo a nan Kaduna, ina neman shawararku a kan kalmar Turanci "backlog", wadda take yawan fitowa duk lokacin da ake labarin shirin da ma'aikatu suke yi kafin gwamnati ta yanke hukunci kan dokokin sauyin yanayi. Yawancinmu muna cewa "nauyin aiki" ko "cunkoson aiki", kuma a ganina duka biyun ba su kai ga ma'anar ba.

Bari in fara da inda aikin yake fitowa. A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa mai kula da lamarin, kuma a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Gilasgo a wannan shekara ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa. Dokar ta ɗora wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama nauyin kai rahoto duk shekara, ga kuma Yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi da take bukatar kowace ƙasa ta sabunta alkawarinta na rage hayaƙi duk bayan shekara 5. Kowane rahoto sai wani ma'aikaci ya karanta, ya tantance, ya miƙa wa na gaba da shi, kuma tun kafin wannan akwai takardun nazarin illar ayyuka ga muhalli da dokar 1992 ta wajabta. Idan wa'adi ya matso, sai a ture tsofaffin fayiloli gefe a rungumi na gaggawa. Waɗannan da aka ture su ne muke nema wa suna.

"Nauyin aiki" ba shi da laifi, amma shi ne kason da aka ɗora wa ma'aikaci, ko ya makara ko bai makara ba. "Cunkoso" kuwa irin na motoci ne a unguwar Kawo da yamma: hanya ta yi kaɗan, amma bayan sa'a guda kowa ya wuce.

Ni abin da nake ba da shawara shi ne "kwantan aiki". Duk mai sayar da tumatir ko gurasa ya san kwantai: kayan da ya kamata su fita jiya, ba su fita ba, kuma kowace safiya darajarsu raguwa take yi. Wannan raguwar ita ce abin da sauran kalmomin suka rasa. Takardar neman yashe magudanar ruwa a unguwannin bakin Kogin Kaduna, idan ta kwana a tebur daga Maris har Agusta, ko an sa mata hannu damina ta riga ta yi aikinta. Alƙaluman da aka tattara domin kafa doka su ma suna tsufa, har a wayi gari ana yanke hukunci bisa lissafin da ya daina aiki.

Wani dattijo da ya daɗe a aikin gwamnati ya ce mini: "Malam, kwantai ai kayan da ba a so ne, alhali waɗannan takardu masu su suna nan suna jira, ka ce bashin aiki." Na ce masa: "Baba, gaskiyarka, domin bashi yana da mai shi kuma dole a biya." Sai dai "bashin aiki" zai iya sa mai sauraro ya zaci albashin da ba a biya ba ake nufi, wanda a Kaduna ba baƙon zance ba ne. Na kuma san ana jifan 'yan mata da kalmar kwantai, abin da ba na so ko kaɗan, amma a kasuwa kalmar ta samo asali, kuma haɗa ta da "aiki" ya mayar da ita can.

Ga yadda za ta zauna a labarai: "Ma'aikatar muhalli ta ƙara ma'aikata domin rage kwantan aiki kafin majalisa ta zauna." Idan akwai wanda kunnensa bai karɓa ba, musamman 'yan uwanmu na Zariya da Kano, ina so in ji jimlar da zai sa a madadinta.