Musayar Waƙa a Kan Requiem, Waƙar Jana'izar Katolika

Malam Mai Alƙalami:
Jama'a, barkanmu da warhaka. Maudu'inmu na wannan mako shi ne Requiem, wato waƙoƙin da ƙungiyar mawaƙa ke rerawa da harshen Latin a sujadar jana'iza ta Cocin Katolika, waɗanda suka samo sunansu daga kalmar farko ta addu'ar da ke roƙa wa mamata hutu na har abada. Mai amsawa ya amsa da waƙa.

A birnin Biyena aka aiko wa mai tsara waƙa Mozart da saƙon ya tsara Requiem,
Ɗan aiken ya zo da kuɗi, bai faɗi sunan mai aikin ba.
Ashe basarake Walsegg ne, wanda matarsa Anna ta rasu
Tana 'yar shekara 20, ba ta daɗe a ɗakinta ba.
Ya so ya kwafe waƙar da hannunsa ya ce tasa ce,
Domin wannan ɗabi'a ba baƙuwa ce a gare shi ba.
Ajali ya riski Mozart ran 5 ga Disamban 1791,
Yana da shekara 35, bai kai ƙarshen rubutun ba.
A sashen Lacrimosa, wanda ke zancen ranar hawaye,
Gaɓa takwas ya rubuta, alƙalamin bai ƙara gaba ba.
Mataimakinsa Süssmayr ne ya ƙarasa ta bisa roƙon matar marigayin,
Don in aikin bai cika ba, sauran kuɗin ba zai fito ba.
To ku gaya mini, 'yan'uwa, wa aka yi wa wannan makoki,
Anna ce, ko kuwa mai waƙar da bai ji ta cikakkiya ba?

Baba Mai Ƙaho:
Malam, masu rai ake yi wa gargaɗi a gaban makara,
Shi ya sa na fi ɗaukar ta Verdi, wadda babu sassauci.
Ya tsara ta ne domin girmama Manzoni na Italiya,
Mutumin da ya ɗauka a matsayin babban marubuci.
An rera ta a Milan ran 22 ga Mayun 1874,
Shekara guda cif da rasuwarsa, a San Marco, tsohon coci.
Idan aka iso Dies irae, wato Ranar Fushi,
Babbar ganga kan faɗo kamar aradu, tana shelar hukunci.
Masu busa na kira daga nesa, na kusa suna amsa musu,
Har mai sauraro ya ji kamar an tashe shi gaban Mai adalci.
Wasu sun ce wasan dandali ne ya ari tufafin ibada,
Ni kuwa na ce barci ya fi yawa, tsawa ce maganin malalaci.

Gwaggo Mai Zumunta:
Baba, ka yi mini afuwa, tsoro ba ya rarrashin zuciya,
Wanda ya binne nasa jiya ya fi bukatar sanyin murya.
Fauré ya shugabanci mawaƙan cocin Madeleine a Faris,
Ya halarci jana'iza ba adadi, ya san nauyin wannan tafiya.
Da ya fito da tasa a 1888, sai ya ajiye Ranar Fushi,
Ya bar ƙarshenta, Pie Jesu, a bakin murya ɗaya.
Ya rufe da roƙon mala'iku su raka mamaci zuwa Aljanna,
Kamar uwa na lallaɓa ɗanta ya yi barci lafiya.
Malam kuma, a wannan cocin aka rera ta Mozart a 1849,
Ranar jana'izar makaɗin piyano Chopin. Ta wuce Anna, ta zama ta duniya.

Ɗan Autan Zaure:
Iyayena, ku ba ƙarami wuri ya sa baki kaɗan,
Brahms ya rasa mahaifiyarsa a 1865, abin ya dame shi.
Ya bar Latin ya ɗauko ayoyi daga Littafi Mai Tsarki na Jamusanci,
Aka rera ta a Bremen a 1868, jama'a suka yaba masa aikin shi.
Da albarkar masu makoki ya buɗe, cewa za a ta'azantar da su,
Don haka Gwaggo ta sami mai mara mata baya a wurin shi.

Baba Mai Ƙaho:
Kun taru mini biyu, amma ku saurari ta Verdi har ƙarshe,
Bayan gangar ta yi shiru, mace ɗaya ce ke riƙe da lokaci.
Muryarta na sauka ƙasa ƙasa tana cewa Libera me,
Wato "ka cece ni", a kan haka mawaƙan ke yin shiru a coci.