Wane mudu ne ke auna talauci?

Ɗan Rima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya gardama ta kaure a majalisarmu kan rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 a Najeriya na cikin talauci mai fuskoki da yawa, Sakkwato kuma ita ce kan gaba da kashi 91 cikin 100. Wani ya rantse ƙarya ne, shi da idonsa ya ga kuɗi hannun 'yan albasa. Amsa-amo "ci" ne, wanda ya karya shi zai sayi goro.

Bismillahi da shi nika farawa,
Mai ciyar da tsuntsu, Sarkin adalci.

Ku matso 'yan uwa mu yi shawara,
Wane mudu ne ke auna talauci?

Maƙwabcina ya sai da albasa,
Buhu arba'in, ya ci kasuwanci.

Ga babur sabo, ga kuɗi aljihu,
Kowa na faɗin ya bar ƙunci.

Daren Talata naƙuda ta tashi,
Asibiti na nesa, ga ƙurewar lokaci.

Bisa amalanke munka aza ta,
Kuɗi na nan, hanya ba aminci.

Ta haihu kan hanya, Allah Ya tsare,
To wanga wadata ce ko talauci?

Baffa Na-Wurno:
Ɗana, waƙarka ta yi daɗi,
Sai dai zancen da sauran ɗaci.

Yara sunka zo da 'yar na'ura,
Suna tambaya har kan abinci.

"Da mi kuke girki?" Munka ce icce,
Sunka duƙa sunka rubuta talauci.

Tun kakana da icce aka tuwo,
Bai yi bara ba, bai san ƙasƙanci.

Ɗakin ƙasa ya fi na kwano,
In bazara ta zo, shi ka ba ka barci.

Wadatar zuci ba ta hawa sikeli,
Ina layin da sunka sa mutunci?

Jikar Nana:
Baffa ina wuni. A gafarce ni, amma zancen murhu namu ne.

Baffa na durƙusa, ka yi haƙuri,
Kai kana zaure, a kawo ma abinci.

Ni ce gaban murhu tun asuba,
Hayaƙi a ido, tari ya hana barci.

Iccen ma yanzu ya yi nisa,
Dajin da muke zuwa ba aminci.

Ɗiyata ta tafi rijiya da tulu,
An shiga aji, ta rasa lokaci.

Shekara sha biyu tana aji uku,
Ba daƙiƙiya ba ce, ba ta da lalaci.

Nana ɗiyar Shehu ta tura jaji, mata malamai,
Ƙauye-ƙauye don korar jahilci.

A ƙasar Nana ɗiya ta rasa karatu,
Kar a ce wadatar zuci, sunansa zalunci.

Malamin Lissafi:
Bari in sa baki da lamba kafin baiti. Awon kuɗi da hukumar ta fitar na 2019 ya ja layi a naira 137,430 a shekara ga mutum guda, kashi 40 na 'yan ƙasa suka faɗo ƙarƙashinsa. Awon 2022 ya ce 63. Wato akwai ɗimbin mutane irin maƙwabcin Ɗan Rima, sun haye layin kuɗi amma rashi bai sake su ba. Mu Sakkwatawa dai a duka biyun mu ne na ɗaya, na kuɗin ma kusan 88 ya ba mu, don haka Baffa, ba icce ne ya ja mana ba. Icce kaɗai ba ya sa a rubuta gida cikin matalauta, sai rashe-rashen sun taru sun kai kashi 26 na jimillar awon.

Tiya huɗu ce aka jera, Baffa,
Ta farko lafiya, a cikinta abinci.

Ta biyu ilimi, ta uku zaman gida,
Ruwan sha, makewayi, ɗakin barci.

Ta huɗu aiki da abin firgita,
Zaman banza, hari, rashin aminci.

Alamu 15 ke cikinsu,
Matalauta Ondo kashi 27, mu 91, ga bambanci.

Ɗan Sabon Birni:
Ku kuna awo, mu muna gudu,
Tiya ta huɗu ce ta ci mu ci.

Gero ya nuna, sai ka biya haraji
Kafin ka sa lauje, wane 'yanci?

Na bar rumbu cike na taho birni,
Yau ni ne a layin karɓar abinci.

'Yar Tambuwal:
Allah Ya kawo muku sauƙi, yayana. Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke karɓar haƙƙinmu hannu biyu kamar sadaka.

Abin da sunka ƙirga bashi ne,
Ba alfarma ce ta mahukunci.

Ran buɗe famfo a yi kiɗi da guɗa,
Mu yi ta godiya kamar mabaraci.

Awon kuɗi na cewa "nemi naka",
Laifin ya koma kan magidanci.

Wanga awon ya nuna rijiya da aji,
Ya nuna wanda aka ba shugabanci.

Dokar 2004 ta ce karatun shekara 9,
Kyauta kuma dole, haka ne hukunci.

Babi na 2 ya yi mana alkawari,
Matsuguni, magani, isasshen abinci.

Sai sashe na 6 ya ja ƙofa,
Kotu ba ta ji, ina adalci?

Tsarin mulkin 1999 nake nufi, ga wanda bai gane babin ba. Ya lissafa abubuwan nan a matsayin manufar gwamnati, sannan ya hana ka kai ƙara a kansu.

Baffa Na-Wurno:
Kun taru mini kamar farin dango. To na ji.

Jikata, hayaƙin ban gan shi ba,
Gaskiyarki, ni dai na san abinci.

Ayar zakka ta ambaci fakiri,
Ta ambaci miskini, da bambanci.

Ashe tun can rashi kala-kala ne,
Malam, na yarda da tiyar aminci.

Amma ɗakin ƙasata ku bar mini shi,
Ranar Sakkwato a cikinsa take sauƙi.

Ɗan Rima:
Baffa, Allah Ya ja zamaninka, "sauƙi" ba ya ƙarewa da "ci". Goro ya hau kanka, fari muke so, Juma'a in an sauko daga masallacin Shehu.

Baffa Na-Wurno:
Ku tambayi Malamin Lissafi, ai ya ce ina cikin 91. Da mi zan saya?