Tambayar tarko bayan an gama tsere: me za a koya wa yara su ce?

Kocin Gudu, Jos

Assalamu alaikum. Akwai yara masu gudun dogon zango da ke atisaye a nan Jos, maza da mata, yawancinsu daga wajen Pankshin, kuma ana sa ran wasu za su fita gasa a waje. Ƙafa kam akwai ta. Abin da ake tsoro shi ne bayan tsere, a cusa wa yaro makirufo yana haki a ce masa: "Da gaske shekarunka 17?" ko "Me za ka ce kan 'yan ƙasarku da ake kamawa da ƙwayoyin ƙara kuzari?" ko kuma a juya maganar zuwa rikicin Filato. Su yi shiru su wuce, ko su mayar da martani? Kuma dole ne su tsaya ma? Masana a taimaka.

Jami'in Yaɗa Labarai, Garki

Wa alaikumus salam, Koci. Fara da raba musu wuraren, domin kowanne da dokarsa. Akwai hirar talabijin ta nan take a bakin fili. Akwai layin 'yan jarida, wato wata hanya mai lanƙwasa da aka shinge da ƙarafa, wadda kowane ɗan wasa yake bi kafin ya fita: masu talabijin da suka sayi izinin nuna gasar ne a gaba, sai kamfanonin dillancin labarai, sai 'yan jaridar rubutu a can ƙarshe. Sannan akwai taron manema labarai na zaune, wanda galibi na waɗanda suka ci lamba ne. A Olamfik da manyan gasannin guje-guje, bi ta layin nan dole ne, amma tsayawa a yi magana ba dole ba ne. A wasan tanis abin ya fi tsanani: a 2021 an ci Naomi Osaka tarar dala 15,000 a gasar Faransa don ta ƙi halartar taron manema labarai. Saboda haka a karanta kundin dokokin kowace gasa kafin a hau jirgi, kada a yi zato.

Tambayar tarko kuwa, abin da ya sa ta zama tarko shi ne an riga an cusa hukunci a cikinta. Wanda ya ce "me ya sa 'yan Najeriya ke rage shekaru?" ya gama yanke cewa ana ragewa, so yake kawai ka sa hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne maimaita mummunar kalmar da niyyar musanta ta. Yaro ya ce "ni ba na shan ƙwaya". Idan aka je tace hirar, za a yanke tambayar a bar amsar, gobe kanun labari ya fito ɗauke da sunansa da kalmar ƙwaya a layi ɗaya. Mai karatu a waya ba ya wuce kanun.

Abin da za a koya musu: ya numfasa ya ƙirga uku a ransa. Ya amsa ɓangaren da ya shafe shi shi kaɗai, da abin da za a iya tantancewa, misali "An gwada ni sau huɗu bana, sakamakon yana hannun hukuma", idan har gaskiya ne hakan. Ya mayar da maganar kan tseren da aka gama. Sannan ya rufe baki. Daƙiƙa 15 zuwa 20 sun isa. Rufe bakin nan shi ne mai wuya, domin ɗan jarida gwani zai bar makirufon a bakinsa ya yi tsit, shi kuma yaro kunya ta kama shi ya ci gaba da zuba don cike gurbin. A jimla ta biyar ko ta shida ake yin suɓul da baka, ba a ta farko ba.

A nuna musu bidiyon Tyler Adams, kyaftin ɗin Amurka a Kofin Duniya na Katar a 2022, yana ɗan shekara 23. Ana gobe wasansu da Iran wani ɗan jaridar Iran ya fara yi masa gyara kan yadda yake furta sunan ƙasarsu, sannan ya tambaye shi yadda yake ji yana wakiltar ƙasar da ake nuna wa baƙar fata wariya. Sai ya fara da ba da haƙuri kan furucin, ya yarda cewa wariya akwai ta ko'ina, ya yi magana kan abin da shi ya gani a rayuwarsa, ya tsaya. Ya karɓi ɗan ƙaramin laifin da yake nasa, ya ƙi ɗaukar kayan ƙasa gaba ɗaya a kansa. Bayan ba da haƙurin nan, babu sauran abin da za a kunna wuta da shi.

Ɗan Jaridar Wasanni, Wuse

Yallaɓai ya yi bayani mai kyau, amma ina da gyara. Kada a koya wa yara cewa duk tambaya mai zafi cin fuska ce. Wasu tambayoyin mu muka jawo su. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu kan saɓanin ranakun haihuwa. A 2009, a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan gida, aka shigo da hoton MRI na wuyan hannu don tantance shekaru. A Olamfik na Tokyo a 2021 an hana 'yan guje-gujenmu 10 shiga gasa, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu gwaje-gwaje uku na ba-zata da doka ta gindaya wa ƙasashen da ke rukunin A, wato waɗanda ake ganin sun fi hatsarin amfani da ƙwaya, ba. A gasar nan dai aka dakatar da 'yar tserenmu Blessing Okagbare kan ƙwayar ƙara kuzari. Ɗan jaridar waje ya karanta duk wannan kafin ya zo. Yaron da bai san tarihin ba zai ɗauka ƙiyayya ce kawai, ya fusata, a ɗauki hoton fushin.

Wanda ya san tarihin kuwa yana da amsa mai ƙarfi: na Tokyo gazawar gudanarwa ce, ba laifin 'yan wasan 10 ba. Haka maganar Tobi Amusan. Ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a Oregon a 2022, nan take Michael Johnson, tsohon zakaran gudu na Amurka, ya nuna shakku kan na'urar auna lokaci. A 2023 aka tuhume ta da saɓa dokar sanar da inda take don gwaji sau uku, kotun ladabtarwa ta wanke ta, kotun wasanni ta duniya ta tabbatar da hakan a 2024. Tuhumar saɓa sanar da wuri daban, kama mutum da ƙwaya a jini daban. Duk ɗan wasan Najeriya ya kamata ya iya faɗin wannan bambancin a jimla ɗaya, domin 'yan jarida da yawa suna cakuɗa su.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba tambayar zargi ba ce, kuɗin goron da ke zuwa a rigar yabo ne. "Ku 'yan Afirka Allah ya ba ku ƙarfi da gudu." Yaro ya washe baki ya ce na gode, bai san an ce masa ba shi da dabara ba. A 2020 wani bincike da kamfanin RunRepeat na Denmak ya yi tare da ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Ingila, kan sharhin wasanni 80 na manyan gasannin Turai, ya nuna cewa yabon basira ya fi zuwa ga masu hasken fata, maganar ƙarfi da sauri kuma ta fi zuwa ga baƙaƙe. Maganin wannan ba wa'azi ba ne a gaban kyamara. Yaro ya amsa da lissafi: "Mun tsara in bi su a baya har zagaye na takwas, kowane zagaye a daƙiƙa kaza, sannan in buɗe a mita 600 na ƙarshe." Wanda ya ji haka ya san da kai aka yi tseren.

Yaranka kuma, Koci, tambayar da za su fi sha ita ce: Najeriya ai gudun gajeren zango aka san ta da shi, me ya kawo ku fagen Kenya da Habasha? Wannan kyauta ce. Su ce daga Jos suke, tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyi, ga duwatsun Pankshin da ake hawa tun ana yara. Ɗan jarida ya samu labarin da bai taɓa ji ba, ya manta da tarkonsa.

Akwai kuma salon mayar da tambaya kan mai tambaya. Carlos Queiroz, kocin Iran a lokacin, ya yi haka a Katar, ya tare wakiliyar BBC yana cewa me ya sa ba a tambayar kocin Ingila kan Afganistan. Dattijo mai dogon tarihi zai iya wannan ya kwana lafiya. Yaro mai neman ɗaukar nauyi daga kamfanin takalma kada ya gwada.

Malamar Sadarwa, Rayfield

Ku yi haƙuri Malamai, kun manta 'yan matan da maganar addini. Su tambayoyinsu sukan bar fili su shiga gida: mahaifinki ya yarda? Yaushe aure? Hijabin nan ba ya dame ki? A Kofin Duniya na mata na 2023, inda Nouhaila Benzina ta Moroko ta zama ta farko da ta buga gasar da hijabi, wani ɗan jaridar BBC ya yi wa kyaftin ɗinsu Ghizlane Chebbak tambaya kan sirrin rayuwar abokan wasanta, irin wadda amsarta za ta iya jefa mutane cikin hatsari a gida. Mai gudanar da taron ne ya shiga tsakani, daga baya BBC ta amince cewa tambayar ba ta dace ba. Abin lura a nan shi ne akwai tambayar da ba ɗan wasa ne zai tare ta ba. Aikin jami'in yaɗa labarai ne ya tsaya a kafaɗarsa ya ce "tambaya ta gaba". Idan tawaga ba ta tafi da irin wannan jami'i ba, kamar yadda yakan faru da ƙananan tawagogi, to a naɗa babba ɗaya tun daga gida, musamman ga waɗanda ba su kai 18 ba.

Azumi ma haka. A 2014, da Ramadan ya shigo ana tsakiyar Kofin Duniya a Brazil, an dami tawagar Aljeriya da tambayar wa zai yi azumi har kocinsu Vahid Halilhodžić ya ce magana ce ta mutum da kansa. Amsar ke nan, kuma ta wadatar. Yaro kada ya shiga fatawa a layin 'yan jarida. Kan rikicin Filato kuwa, tawagar da ke da Musulmi da Kirista a ɗaki ɗaya ta riga ta ba da amsa: "Da ni da wancan tare muke atisaye kullum da asuba." Kada ya ambaci ƙabila, kada ya ɗora laifi, kada ya faɗi adadin mamata. Shi zai hau jirgi ya dawo unguwar da iyayensa suke.

Sai harshe. Wanda Turancinsa bai zauna ba kada ya ji kunya. Manyan 'yan wasan Sin da Japan da Ajantina da harshensu suke magana a fassara. Matsalar ita ce tafintan Hausa ba kasafai ake samunsa a wurin gasa ba, don haka wani daga tawaga ne zai fassara, kuma sai an yi masa sauƙi: gajerun jimloli, babu karin magana, babu ba'a. Ka ce "wake ɗaya shi ke ɓata gari", a fassara shi kai tsaye, a rubuta cewa ka kira abokin wasanka ɓatacce. Kuma hira da sashen Hausa na BBC ko DW ko RFI ba hirar cikin gida ba ce, ana juya ta zuwa Turanci cikin awa guda idan akwai abin ɗauka.

A Olamfik doka ta 50 ta hana nuna alamar siyasa ko addini a kan dandamalin karɓar lamba da lokacin gasa, amma tun 2020 an bayyana cewa ana iya faɗin ra'ayi a hira da shafukan sada zumunta. Dama ce, ba wajibi ba. Idan kuma har akwai abin da dole a faɗa, a duba yadda William Troost-Ekong, kyaftin ɗin tawagar a lokacin, ya yi a Oktoban 2024 da aka bar Super Eagles a filin jirgin Al Abraq na Libiya: ya rubuta awa nawa suka yi, babu abinci, an kulle ƙofa, ga hotuna. CAF ta ba Najeriya maki uku da ci 3-0, ta ci Libiya tarar dala 50,000.

Kocin Gudu, Jos

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. To yaya ake atisayen abin a aikace? A aji za a zaunar da su?

Jami'in Yaɗa Labarai, Garki

A'a Koci, aji ba zai yi ba. A zaune kowa gwani ne. A fili za a yi, ko a filin wasa na Rwang Pam ko a sabon filin hanyar Zariya, daidai lokacin da yaro ya gama zagaye mafi wuya, zuciya na bugawa, bai ko sha ruwa ba. Mutum ɗaya ya riƙe waya yana ɗauka, wanda yaron bai saba da shi ba ya jefa masa tambaya uku: mai sauƙi, ta tarko, sai a maimaita ta tarkon da wasu kalmomi, domin haka ake yi a can. Ana duba ko amsa ta biyu ta yi daidai da ta farko. Sau biyu a mako, na mako shida kafin tafiya.

Da yamma a kalli bidiyon tare, da farko a kashe sauti. Za a ga mai kallon ƙasa, da mai murguɗa baki, da mai dariyar tsoro, wadda a talabijin take kama da rainin hankali. Sannan a kunna sauti a ƙirga daƙiƙu. Kowane yaro ya rubuta jimla uku da hannunsa, da kalmominsa, ba na koci ba: ɗaya kan tseren, ɗaya kan inda ya fito, ɗaya ta kaucewa, irin "Wannan hukuma ce za ta fi amsa shi." Ya kuma haddace ranakun gwaje-gwajensa da ranar haihuwar da ke fasfo ɗinsa, kada ya yi in-ina a kansu ko na daƙiƙa ɗaya.

A yi atisayen ranar da aka sha kaye ma, don ranar ce tambayar ta fi ciwo. Kuma a faɗa musu cewa idan an zaɓe su gwajin ƙwaya, jami'in rakiya zai manne musu tun daga bakin fili har cikin layin 'yan jarida. Wannan ba zargi ba ne, kada su tsorata ko su yi ta bayani a kai. Ruwa kuwa, sai na gorar da suka ɓalle murfinta da hannunsu.