Wai yaron shago ya san kasuwancin ubangidansa kuwa?

Abu Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina ya daɗe yana zaman shago a Kantin Kwari, da ya taɓa shadda zai gaya maka Getzner ce ko jabu, amma na tambaye shi nawa Alhajinsu ke saro bandir daga Chaina, sai ya ce wallahi bai taɓa ganin rasit ba. Haka ake ko'ina ne ko shi ne bai maida hankali ba?

Alhaji Ɗan Kwari:
Malam Abu haka ake, kuɗin sari ba a bayyana shi. Kuma ko an gaya wa yaro ba lallai ya gane ba, shi dai yana ganin alat na shigowa ya ɗauka duk riba ce, bai san da kuɗin kwantena ba, ga kwastan ga hayar sito ga dako. Ka duba lokacin da aka saki Naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a Yunin 2023, dalar gwamnati tana wajen 460, farkon 2024 ta haura 1,500, wallahi mun sha sayar da kaya da riba a littafi amma kuɗin ba su iya sake saro rabinsu ba, yarana kuwa suna ta tsegumi wai na ƙi ƙara musu kuɗin abinci.

Maman Ihsan:
Alhaji a yi haƙuri amma ku ma akwai abin da ba ku sani ba. Yaron ne ya san wane kwastoma na Maraɗi ko Chadi yake cika alkawarin bashi, wane zane mata suka daina so. Ku kuna Guangzhou ta Chaina wajen sari shi yana kan benci. Tambayarsa ce ba kwa yi.

Ɗan Sharaɗa:
Mu a kamfani ma sai mun ga an rage shifta muke sanin kasuwa ta tsaya.

Abu Fagge:
To Alhaji ni damuwata ranar sallama ce, a ba shi jari ya buɗe nasa alhali bai taɓa lissafin sari ba, ba cinye jarin zai yi ba?

Alhaji Ɗan Kwari:
Wanda na yarda da shi nakan fara aika shi Legas ya fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, a nan yake ganin takardu. Ka ce wa ƙanin naka ya nemi a riƙa aikensa.