Neman shawara: in zauna in yi gyara ko in biya a buga min a kwana biyar?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Ina digiri na uku a ilimin tsirrai, aikina a kan wuta-wuta ne, ƙudujin nan mai cinye dawa. Na karɓo irin dawa kala takwas a hannun manoma, kaura da farafara, na gwada ruwan da saiwarsu ke fitarwa a kan 'ya'yan ƙuduji, in ga wacce ta fi tayar da su. Wata farafara da na samo wurin wani dattijo ta ba ni mamaki, 'ya'yan da suka tsiro a ruwanta ba su kai rabin na sauran ba.

Na tura maƙalar wata mujalla a Turai. Wata bakwai shiru. Shekaranjiya amsa ta zo, gyara shafi huɗu. Mai tantancewa na farko da sauƙi, na biyun kuwa kamar dama jirana yake: wai maimaici uku ya yi kaɗan, ban sa sinadarin GR24 ba, ban gwama da irin dawar da ake kira SRN39 ba, ban kuma faɗi kwana nawa na jiƙa 'ya'yan ba. Edita ya ba ni kwana sittin. Ga shi a sashenmu ba a kare kundi sai da maƙala ɗaya da ta fito.

Ana cikin haka sai ga imel daga wata mujalla, suna ta yabon aikina, wai za su buga a kwana biyar a kan dala 120. Maigidana ya ce ya gaji da ganina ina hawaye a gaban kwamfuta, zai biya. Shin in tura musu in bar ta farkon a can, duk wadda ta riga fitowa shi ke nan?

Tsohon lakcara:
Wa alaikumus salam. 'Yata, fara share hawayen, don wasiƙar da ke hannunki ba ta kora ba ce. Editan da ba ya son aiki layi biyu yake rubutowa ya sallame ki. Wanda ya ba ki shafi huɗu da wa'adi, so yake ki dawo.

Kuma na biyun nan da kike jin haushi, da gani ya san ƙuduji. GR24 sinadari ne da aka haɗa a ɗakin gwaji, yana kwaikwayon abin da saiwa ke fitarwa. In ba ki zuba shi a kan wani kaso na 'ya'yan ba, ta ina mai karatu zai san 'ya'yan da suka ƙi tsirowa rayayyu ne ba matattu ba? Jiƙon ma haka: ɗan ƙuduji ba ya amsa kiran saiwa sai ya yi kamar kwana goma zuwa sha huɗu cikin laima da ɗumi. In jiƙon ya bambanta, sakamako ya bambanta.

SRN39 kuwa ita ce dawar da aka daɗe da sanin ba ta cika tayar da ƙuduji ba. A 2017 rukunin Farfesa Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha da ke Jami'ar Purdue a Amurka, suka buga a mujallar PNAS cewa sirrin yana ga wata ƙwayar gado da ake kira LGS1. Dawar ba daina fitar da sinadarin take yi ba, sauya nau'insa take yi, ta bar 5-deoxystrigol ta koma orobanchol, wanda ƙudujin dawa ba ya jin kiransa sosai. To idan farafarar dattijon nan ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da SRN39, kin san me ke hannunki kuwa? Shi za ki kai inda ba mai karantawa?

Batun tura ta wuri biyu kuma, kul. Ranar da kika tura ta farko kin amince cewa ba ta gaban wata mujalla. In aka gane, duka biyun na iya janye ta, sunan malaminki ma ya shiga ciki.

Abban Walid:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku kun riga kun haye. Ita fa kuɗin makaranta ake ƙirga mata duk shekara. Mu nawa muka fita da irin waɗannan mujallun, wa ya tambaye mu? Ni dai Malama, ki biya ki karɓi takardarki, in kin zama Dakta kya yi na Turawan a tsanake. Da babu gara ba daɗi.

Maman 'yan biyu:
Abban Walid, ni an tambaye ni. Maƙala huɗu na kai neman ƙarin girma, aka soke uku a zama ɗaya. Ɗaya ma da na je nemanta a intanet, shafin mujallar ya ɓace ɗungurum, sai kwafin da na ajiye. Abin da ya fi min ciwo, ba dama in sake tura aikin wani wuri, don an ce an riga an buga. Aikin damina biyu ke nan, da kuɗin adashena. Ƙanwata, ki ce wa maigidan ya riƙe dalolinsa, za a buƙace su wajen sayen kayan gwaji.

Na laburare:
Bari in ba ku wani labari da nake ba duk ɗalibin da ya shigo ofishina da irin wannan imel. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi, wai an gano sinadarin da ke hana ciwon daji yaɗuwa, ya cika ta da kurakuran da ɗan aji ɗaya zai gani. Ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Mujallar Science ce ta buga rahoton. Abin da ke min zafi har yau, sunayen marubutan da ya ƙirƙira na Afirka ne, da cibiyoyin ƙarya, ɗaya wai a Asmara take, ya kuma lalata Turancin da gangan. Wato ya san su wa ake yi wa tarkon.

Malama, kafin ki ba kowace mujalla sisi: nemi sunanta da kanki a Scopus ko DOAJ, jerin mujallun da aka tantance, kada ki yarda da tambarin da suka manna a shafinsu. In ta gida ce, duba AJOL, shafin da ke tattara mujallun Afirka. Ki ɗauki editoci biyu cikin waɗanda suka lissafa, ki leƙa shafin jami'arsu ki ga ko sun san da zaman mujallar. Sannan ki yi lissafi da kanki: ke wata bakwai aka ɗauka ana karanta aikinki, wane masani ne zai karanta shi, ya yi sharhi, a gyara, a buga, duk a kwana biyar?

Abban Walid:
To su manyan ba kuɗi suke karɓa ba? Wasu har dala dubbai.

Na laburare:
Suna karɓa, kuma ba na kare su, har cikin waɗanda suka faɗa tarkon Bohannon akwai mujallun manyan kamfanoni. Amma da yawa ba sa karɓar ko kwabo in ba ki zaɓi a buɗe maƙalar ga kowa ba, wasu kuma suna yafewa in an roƙa tun wajen turawa.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki. Mu nan hatsi ƙuduji ke kashe mana, kuma masu tantancewa na CAMES, hukumar da ke duba ƙarin girman malaman jami'o'inmu, su ma suna duba inda mujalla take da rajista, ba tarin takardu kawai ba. Malama, abin da ya ja hankalina farafarar ce. Irin sinadarin nan da ke tayar da ƙuduji tun 1966 aka fara ware shi, daga saiwar auduga, shi ya sa auduga ke yaudarar ƙuduji ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Amma sai a 2008 maƙaloli biyu a mujallar Nature suka nuna cewa shuka na amfani da shi wajen taƙaita rassanta. Shekara 42 ke nan, ke kuma kwana sittin aka ce. Don Allah ki adana irin nan da kyau, kada ki ƙarar da shi a gwaji.

Tsohon lakcara:
Madalla. Na manta abu ɗaya. Wa'adin nan ba aya ba ce, ki rubuta wa edita ki ce za ki sake gwaji, kina neman ƙarin wata ɗaya ko biyu, da wuya a hana. Wajen amsa kuma ki bi maganganunsu ɗaya bayan ɗaya, inda kika gyara ki nuna shafi da layi, inda ba ki yarda ba ki kawo hujja cikin ladabi. Ki kuma tambayi sashenku ko takardar amincewa daga edita ta wadatar, wurare da yawa ba sa jiran sai ta fito.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba littafin gwajina, kwana goma sha biyu na jiƙa su, rubutawa ce kawai ban yi ba. Mujallar can kuma ban same ta a ko'ina cikin ukun ba, adireshinta ma gidan waya ne kawai. Na yi wa malamina waya, ya ce in same shi gobe da wasiƙar. Sai dai farafarar da ta rage min ba ta fi cikin gwangwanin madara ba, kuma GR24 ban ma san inda zan samo shi ba.

Maman 'yan biyu:
Raba irin biyu yau ɗin nan, rabi ki ƙulle shi a kwalba ki ɓoye. GR24 kuma kaɗan ake buƙata, akwai wata ƙawata da ta yi aiki da shi bara, bari in tambaye ta ko da saura a firjinsu. Turo min lambarki ta gefe.