Ya kuke sa ɗalibai su yi tunani a darasin tarihi, ba hadda kawai ba?

Malamar tarihi, Zariya: Salamu alaikum malamai. 'Yan ajina na SS2 sun haddace 1804 jihadi, 1903 Turawa sun ci Kano da Sakkwato, 1960 'yancin kai. Amma da zarar na ce "me ya sa?" sai aji ya yi tsit. Wa ke da dabarar da ta yi masa aiki?

Malami, Maiduguri: Wa'alaikumus salam Malama. Ni wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu al-Kanemi da Muhammadu Bello ne suka fisshe ni. Al-Kanemi ya tambayi dalilin yaƙar Borno alhali mutanenta na salla da azumi. Bello ya kawo hujjar cakuɗa addini da al'adu da kuma taimakon sarakunan Hausa da ake yaƙa. Nakan raba aji biyu, da sharaɗi guda: ba ka faɗin ra'ayinka sai ka maimaita hujjar abokin hamayyarka har ya ce "haka nake nufi". Wani yaro Babarbare da na jefa ɓangaren Bello ya ɓata rai, ya ce zagin kakanninsa zan sa shi. Ƙarshe shi ya fi kowa haƙo hujja, don ba ya son a kayar da shi gaban 'yan mata.

Malami, Maraɗi: Mu nan zuriyar sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa garin, saboda haka labarin da kaka ke bayarwa a gida daban yake da na littattafanku. Nakan tura yara su jiyo daga bakin tsofaffi, mu jera biyun a allo, mu tambaya: wa ya faɗa, kuma me zai samu in an yarda?

Malamar ilimin zama ɗan ƙasa, Kano: Ni tsarin mulkin 1999 nake ɗaukowa. Sashe na 18 ya yi maganar ilimi kyauta, amma yana babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta shi, ba kamar haƙƙoƙin babi na huɗu ba. Sai in ce, to alkawari ne ko fata? Su yi ta musu, sannan in fito da dokar UBE ta 2004, wadda ta wajabta ilimin matakin farko kyauta, lissafi ya sake.

Tsohon malami, Katsina: 'Ya'yana, duk na ji, amma minti arba'in ne, aji cike maƙil, WAEC kuma "lissafo guda biyar" take so. Na taɓa tambayar yara ko akwai shaidar Bayajidda ya kashe macijin Kusugu, washegari sai ga wani uba a ofishin shugaban makaranta.

Malamar tarihi, Zariya: Baba, Allah ya ba da haƙuri. Zan ware minti goman ƙarshe ranar Alhamis in gwada. Malam na Maiduguri, don Allah turo min yadda ka taƙaita wasiƙun.