Maganin tsufa: abin da mahalarta suka ba da shawara

A wata tattaunawa kan maganin rage tsufa, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a yi hattara da masu tallar maganin tsufa. Maganin rapamycin ya ƙara wa ɓeraye kwana a gwajin 2009, amma yana raunana garkuwar jiki, don haka kada kowa ya sha da kansa. An daɗe ana tattauna aikin masanin kimiyya Shinya Yamanaka na Japan, wanda a 2006 ya mayar da ƙwayoyin halitta manya tamkar na ɗan tayi. Masu fata suna ganin nan mafita take, masu tsoro kuma suka tuna haɗarin cutar kansa, wato ciwon daji. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa a riƙa auna hawan jini da sukari, a bar taba, a motsa jiki, kafin binciken ya kammala.